Kafin ki buɗe baki: jagorar magana da ƙananan yara ga masu reno da malaman KG a Zangon Kumasi

Ajin KG1, wato shekarar farko ta karatun share fagen firamare, a unguwannin Aboabo ko Asawase ko Tafo Zango ba ya tara yara masu harshe ɗaya. Ga ɗan Hausawa, ga ɗan Dagwamba, ga 'yar Zabarmawa, ga wanda uwarsa Kotokoli ce ubansa Moshi. A gida ana yi masa Hausa, a bakin famfo yana jin Tonanci, harshen Ashanti, ranar Asabar Malam ya biya masa Larabci, ranar Litinin Madam ta tarbe shi da Turanci. Tun gyaran tsarin ilimi na 2007, da aka shigar da shekara biyun KG cikin karatun matakin farko, ɗan shekara huɗu ne ke fuskantar wannan haɗin gambiza. Akwai harsunan gida da gwamnati ta ware don koyarwa, Hausa kuwa ba ta cikinsu, don haka a Kumasi littafin aji in ba na Turanci ba ne, to na Tonanci ne.

Yaron da ya zo da Hausa kaɗai zai yi makonni bai kama rabin abin da ake faɗa ba. Amma ba zaman banza yake ba. Fuskarki yake karantawa, da hannunki, da irin takun da kika nufo shi da shi, daga nan yake yanke hukunci ko wurin nan na zama ne ko na kuka. Da can bulala ce ke cike gurbin abin da baki ya kasa. Hukumar ilimi ta Ghana, GES, ta hana duka a makarantu a 2017, a 2019 ta fito da hanyoyin ladabtarwa da babu duka a ciki. Ko kina ganin an kyauta ko ba a kyauta ba, abin da ya rage a hannunki shi ne jiki, da murya, da kalma, kuma a wannan jerin ake aiki da su. Da "ke" zan yi magana don mata suka fi yawa a aikin; malamai maza su ɗauki nasu.

Mataki na farko: bakin ƙofa da safe

Yawancin iyaye mata sauri suke su kama Pragya (keke mai ƙafa uku) ko trotro (ƙaramar motar haya) zuwa kasuwar Kejetia kafin ta cika, sai a miƙo miki yaro da ledar koko da ƙosai a juya. Minti ɗayan nan ke gyara yinin ko ya ɓata shi. Ki tsuguna har idonki ya yi daidai da nasa. Babba a tsaye, a wurin ɗan shekara uku, ƙafafu ne kawai da murya daga sama.

Ki kira shi da sunan da yake amsawa, ba wanda ke cikin rajista ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Yaron da ya ci sunan kakansa ba wanda ke kama sunan a gida, Baba ko Abba ko Alhaji ake ce masa. Yarinya mai sunan kaka kuma Ummi ko Hajiya. Sai Madam ta yi ta kiran sunan yanka, yaro ko waige, a ce ba ya jin magana, alhali bai san da shi ake ba. Ranar farko ki tambaya: "Mma, wane suna yake amsawa a gida?" Ki rubuta a gefen rajista. In ɗan fari ne uwar na iya jin nauyin faɗin sunan. Kada ki matsa mata, ki tambayi wanda ya rako ta.

Wata uwar za ta ce, "Anti, ɗauke masa hankali in gudu." Kada ki yarda. Yaron da aka yi wa haka, gobe ba zai saki zanen uwarsa ba, don ya koyi cewa da ya ƙifta ido za ta ɓace. Ta yi masa sallama a fili, a faɗa masa lokacin dawowarta da abin da ya sani: "Mma za ta dawo in an kira La'asar." Ƙarfe uku ba ta nufin komai a wurinsa, amma lasifikar masallaci kullum yana jin ta. Zai yi kuka, ki bar shi ya yi. Ki rungume shi, in kuma ba ya son a taɓa shi ki zauna kusa. Sai dai in an kira La'asar ɗin, a tabbata ta zo.

Mataki na biyu: fuska da ido

Labarin zuciya a tambayi fuska, yara kuwa sun fi kowa iya wannan tambayar. A 1975 wani masani a Amurka, Edward Tronick, ya gabatar da wani gwaji da ya yi suna. Uwa na wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuska na ɗan lokaci, ba murmushi ba harara. Jariri ya yi ta murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara don ya dawo da ita. Da ya ga ba amsa sai ya kau da kai, ya ɓarke da kuka. Ba a dake shi ba, ba a yi masa tsawa ba, fuska ce kawai ta daina amsawa. Mai renon da ke ba yaro abinci da hannu ɗaya, ɗayan hannun da idonta na kan WhatsApp, irin wannan fuskar take nuna masa ba ta sani ba. Waya ta zauna a jaka har su yi barci.

Fuska da baki su tafi tare. In kin ce "yauwa, ka yi ƙoƙari" kina kallon ƙofa, bai ji yabo ba. In kin ce "bari" kina dariya, kin ba shi izinin sakewa. Tsaki, harara, murguɗa baki, zunɗen yaro ga abokiyar aiki, duk suna gani, kuma ba a jimawa za ki ga suna yi wa juna. Ba cewa nake kada a ɗaure fuska ba. Kallo ɗaya mai nauyi daga inda kike, da girgiza kai a hankali, yakan sauko da mai shirin hawa tebur ba tare da kin katse darasi ba. Amma sai in fuskar ta saba sakewa yake aiki. Wadda kullum a murtuke take, murtukewarta ba labari ba ce.

A tarukan horar da malamai za ki ji ana cewa kashi 7 cikin 100 na saƙo ne kaɗai ke cikin kalmomi, saura murya ce da fuska. Adadin ya samo asali daga gwaje-gwajen Albert Mehrabian na 1967, kuma a kan kalma ɗai-ɗai ne da ake furtawa don a gane so ko ƙi, ba a kan koyar da ƙidaya ba. Kada ki mai da shi hujjar sakaci da abin da bakinki ke faɗa.

Batun ido ne inda horon malamai da tarbiyyar gida suka yi karo. A gida an koya wa yaro cewa zuba wa babba ido rashin kunya ne, ya sunkuyar da kai, ya sa hannu a baya. A aji kuma a daka masa tsawa, wai ya kalli Madam in tana magana. Wanda ya sunkuyar da kai ladabi yake yi miki, ba taurin kai ba. Kada ki kama haɓarsa ki ɗaga. Ki zauna a gefensa, ku biyun ku kalli abu ɗaya, littafi ne ko igiyar takalmin da ake ɗaurewa. Magana ta fi fitowa a haka. In kina son sanin ko yana sauraro, ki dubi hannunsa. In ya daina juya abin da yake riƙe da shi, yana jin ki.

Mataki na uku: murya

Aji mai rufin kwano in ruwan Yuni ya sauko, ba za ki fi shi ƙara ba. Ki zaɓi alamar jan hankali guda ɗaya ki tsaya a kanta duk shekara: ki ce "Agoo" su ce "Amee", wadda kowa a Kumasi ya sani, ko tafi uku su mayar, ko sallama su amsa. In sun amsa ki yi shiru na numfashi biyu, sannan ki fara da murya ƙasa da wadda kika saba, za su rage hayaniya don su ji. Tsawa ki adana ta don haɗari, yaro ya nufi titi ko kwata ko tukunyar zafi. In kullum ana yin ta, ranar da ake bukatarta ba mai waigowa. In kuma da yaro ɗaya kike, kada ki jefo magana daga wancan bangon, ki taka ki je.

Mataki na huɗu: kalmomi

Umarni ɗaya a lokaci ɗaya ga 'yan shekara biyu da uku, biyu ga 'yan KG. In kin ce "ku ajiye fensir ku wanke hannu ku ɗauko kwano ku yi layi", na ƙarshen ne ya shiga, sai ki ga layi kowa da fensirinsa. Ki faɗi abin da kike so a yi, ba wanda ba kya so ba. "Taka a hankali" ta fi "kada ka yi gudu", "hannu a cinya" ta fi "daina taɓa shi". Ƙaramin yaro in an hana shi abu, bai san me zai yi a madadinsa ba.

Kowane umarni ya zo da motsin hannunsa, kuma motsin kada ya canza. Ki nuna, ki faɗa da harshen da yaron ke ji, ki maimaita da Turanci. Bayan 'yan makonni ki janye Hausar hannun ya ci gaba, daga baya hannun ma ki janye. Su ma ki koya musu alamu huɗu ko biyar nasu: fitsari, ruwa, ciwo, na gama, taimake ni. Yaron da bai iya neman izinin fita da Turanci ba, an kuma hana shi Hausa, wando zai jiƙa, sannan a yi masa dariya.

Har yanzu akwai makarantun kuɗi da ke hana "banakula", wato harshen gida, wasu har da tara. Iyaye ma kan nemi haka, don suna so su ji yaro na Turanci su san kuɗinsu bai tafi a banza ba. Ni dai ban ga amfaninsa a ajin 'yan shekara huɗu ba. Tashi da harshe biyu ko uku ba ya jinkirta maganar yaro, cakuɗa su a jimla ɗaya kuma ba ruɗewa ba ce, mu manya ma haka muke ciniki a Alabar. Yaron da ya iya ba da labari da Hausa, Turanci zai zo ya samu wurin zama. Wanda aka rufe wa baki, ba Hausar ba Turancin.

Sai abin da ba a faɗa. "Zan kira ɗan sanda", "zan kai ka a yi maka allura", "dodo zai kama ka" suna aiki yau, amma ranar da ma'aikatan lafiya suka zo rigakafi za ki ga abin da kika shuka. Haka "daƙiƙi" da "shashasha" da "mai kunnen ƙashi". Irin wannan suna in ya fito daga bakin Madam, aji ya cafe, sai ya bi yaro har firamare. Ki kama laifin ki saki yaron: "duka ba kyau, ya ji zafi", ba "kai mugu ne" ba. Yabo ma ki faɗi abin da aka yi. "Na ga ka mayar da kujera wurinta" ya fi "gud boi" ɗin da ake raba wa kowa.

In yaro ya miƙo miki abu da hagu kada ki buge hannun, ki taɓa damansa ki ce "da wannan". Bahago a bar shi ya yi rubutu da hagunsa. Ci da gaisuwa da miƙa abu su ne na dama, kuma yakan koya ba da wahala ba.

Mataki na biyar: jira

Wannan ne ya fi wuya, don ba yi ake ba, bari ake. Mary Budd Rowe, mai bincike kan koyar da kimiyya a Amurka, ta nuna a 1972 cewa malamai kan jira kamar sakan ɗaya ne bayan tambaya kafin su maimaita ko su tsallaka kan wani. Da aka ƙara jiran zuwa sakan uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, yaran da ba a jin bakinsu suka fara magana. To ina ga wanda sai ya juya tambayar zuwa Hausa a kansa, ya lalubo amsa, ya sake juyo ta? Ki ƙirga biyar a zuci, fuska a sake, kada ki cike shirun.

"Kun gane?" ba tambaya ba ce, don amsarta ɗaya ce, "Yes Madam" da murya guda. Biyawa tare irin ta makarantar allo tana da amfaninta wajen hadda, yaranmu kuma sun gwanance a kai. Amma a cikin amshi yaro na iya motsa baki zangon karatu guda ba wanda ya gane bai san komai ba. Ki ce ya nuna miki: "ɗauko min murfin kwalba uku", "taɓa ja".

In ya yi magana, ki karɓa ki ƙara kaɗan. Ya ce "mota", ki ce "e, jar mota, ta tafi Tafo". In ya faɗi kalma a karkace kada ki ce ba haka ba ne, ki sa ta daidai cikin amsarki ki wuce. Jariri ma haka. Ya yi gwaranci, ki amsa, ki dakata, ya sake. Daga wannan karɓa-karɓar hira ke farawa, kuma lokacin wanka da canza famfas da ba da abinci ya fi dacewa da ita. Ki tambayi yaro abin da ke ransa shi, ba wanda ke ranki ba. Anas ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan tambayi Abu Umair, ƙaramin ƙanen Anas ɗin, labarin ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Yaron da kika tuna akuyarsu ta haihu, kika tambaye shi 'ya'yan, zai yi miki maganar da bai taɓa yi a darasi ba.

I'ina takan fara tsakanin shekara 2 da 5, kuma yawancin yara suna wuce ta. Kada ki ƙarasa masa kalma, kada ki bar aji su kwaikwaye shi. Ke ki rage saurin maganarki.

Mataki na shida: abin da jikin yaro ke faɗa

Maƙe kafaɗa kowa ya san a'a ce. Akwai dai waɗanda ake yi wa mummunar fassara. Mai matse ƙafafu yana mutsu-mutsu a kujera ba ƙiriniya yake ba, bayi yake nema. Mai jan kunne yana kuka in an kwantar da shi, a duba kunnen. Wanda ya saba surutu yau ya lafe a kan tebur, ki taɓa goshinsa kafin ki ce lalaci ne, zazzaɓin cizon sauro haka yake sallama. Mai faɗa da kowa da hantsi, ki bincika ko ya karya. Sabon yaron da bai ce uffan ba a makonnin farko, amma idonsa na bin komai yana kwaikwayon sauran, harshe yake tarawa; ki ƙyale shi, ki riƙa ba shi aikin da hannu ke amsawa.

Shirun da ya kamata ya tayar miki da hankali daban ne. Ɗan shekara ɗaya da rabi da ba ya nuna abu da yatsa, ba kalma ko ɗaya. Ɗan shekara biyu da ba ya haɗa kalma biyu a kowane harshe, har na gida. Wanda ba ya waigowa in an kira shi ta baya, amma yana bin umarni in yana ganin bakinki. Ko wanda ya iya kalmomi sai ya daina. Kada ki raɗa wa abin suna, ke ba likita ba ce, kada kuma ki tsaya a kan "ai ubansa ma bai yi magana da wuri ba". Ki ce a kai shi a gwada jinsa. A fara da asibitin da ake kai shi awo, in da bukata su tura shi sashen kunne na asibitin Komfo Anokye. In ta tabbata ba ya ji, akwai makarantar kurame a Jamasi, kuma gara ya fara maganar hannu da wuri da a zauna jiran baki.

In yaro ya faɗa miki wani ya taɓa shi inda bai kamata ba, ki riƙe fuskarki. Kika yi salati kika dafe ƙirji, zai ɗauka shi ne mai laifi ya haɗiye sauran. Ki ce, "Na ji ka, ka kyauta da ka faɗa min." Kada ki yi tambayar da ke sa masa amsa a baki, kada ki yi alkawarin ɓoyewa. Ki rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, ki kai wa shugabar makaranta a ranar, daga nan sai jami'an walwalar jama'a ko DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida. A Zango kowa ɗan uwan kowa ne, za a ce a rufa asiri a sasanta a gida. Ba hurumin mai reno ba ne ta sasanta irin wannan.

Mataki na bakwai: in rigima ta kaure

Ga yara biyu kowa ya riƙe gefen motar roba, ɗaya ya gantsara wa ɗaya cizo. Ki shiga tsakaninsu ki tsuguna, hannunki ɗaya a kan motar. Da wanda aka ciza za ki fara, ki duba hannun ki ce, "Sannu, ya yi zafi." Mai cizon na kallo, ya ga cizo bai jawo masa hankalin Madam ba. Sannan ki juyo gare shi, murya ƙasa, magana gajeriya: "Ba a cizo. Kana son motar, ka ji haushi. Ka ce masa, ba ni in ka gama." Ki sa ya faɗa da bakinsa. In yana shure-shure yana ihu ba kalmar da za ta shiga, ki ɗauke shi gefe ki zauna kusa har numfashinsa ya dawo daidai, sannan a yi maganar.

"Me ya sa ka yi haka?" ɗan shekara uku ba shi da amsarta. Tilasta masa cewa "sori" nan take ma ba abin da yake koya sai cewa kalmar na kashe magana. Gara ya ɗebo ruwa a wanke hannun da ya ciza. Ranƙwashi da jan kunne da mintsini duka ne, ko da ba a ga sanda ba. In an gama kuma a gama, kada ya yini yana ganin fuskarki a ɗaure.

Lokacin tashi

Ba kullum uwa ce ke zuwa ba. Wata rana kaka ce, ko yaya 'yar shekara goma, ko mai Pragyan da aka yi jinga da shi. Saƙo mai nauyi ba a ba yaya ko direba. Ki aika saƙon murya da Hausa ta WhatsApp, ya fi takardar Turanci da za ta kwana a jaka ta sha miya. Batun kuɗin makaranta kuwa tsakaninku ne da iyaye, kada a tsayar da yaro gaban aji a kansa.

In uwa ce, gaisuwa tukuna, cikakkiya: "Hajiya, sannu da zuwa, ya kasuwa?" Sannan abu ɗaya mai kyau da ya yi yau, na gaske ba na baka ba. In akwai matsala ki ja ta gefe, nesa da sauran iyaye, nesa da kunnen yaron. Ki faɗi abin da kika gani, ba hukuncinki ba: "Na lura in na kira shi ta baya ba ya juyowa, a gida ma haka ne?" Da tambaya za ta taya ki dubawa; da hukunci za ta tsaya kare ɗanta. In laifi ne, ki sani "yau ya ciji yaro" a wasu gidajen bulala ce ke jiransa da Magariba. Sai ki ƙara da cewa an yi maganar a nan an gama, abin da kike so daga gida shi ne a riƙa tuna masa ya nemi abu da baki. In kaka ce ta zo, ki rusuna, ki bari ta kai aya ko da kin san inda za ta. Sau da yawa ita ce za ta faɗa miki cewa makon jiya aka yaye shi, ko an yi masa ƙanwa, ko uban ya yi tafiya, abin da uwar ba ta ga dalilin ambata ba.